Romon Japanawa a Bagdadiyya

Muntaka na fitowa daga wanke hannu, sai ya hango wani ƙato ya rungumo masa matarsa Mastura ta baya, yana ɗaga ta sama yana jijjiga ta.

Minti biyu kacal ya bar ta. Ita ta matsa su zo wannan ɗan gidan abinci na unguwar Bagdadiyya su ɗanɗana girkin Japanawa mai araha, wanda ake ɗora tukunyar romo tana tafasa a tsakiyar tebur, kowa na tsoma yankan namansa.

Bai tsaya tambaya ba. Ya sunkuci kujerar ƙarfe ya maka wa mutumin a kafaɗa, ya ƙara masa. Aka ji ƙashi ya ce ƙas. Mutumin ya faɗa kan tebur, tukunyar ta kife, tafasasshen romo ya kwarare masa a jiki.

"Matata za ka taɓa?" in ji Muntaka, yana huci.

Ya juya ga Mastura, ya tarar ta durƙushe. Ta riƙe maƙogwaro da hannu biyu, idanunta sun firfito, ko tari ta kasa.

Mutumin ya ɗago daga ƙasa, jini na bin haɓarsa. Da Hausar mutanen Sudan ya yi magana.

"Nama ne ya maƙale mata. Ni malamin asibiti ne, amma ka karya mini hannu. Yalla, yi maza, zagaya bayanta, dunƙule hannunka a saman cibiyarta. In na ce ja, ka ja."

A ja na uku naman ya fito, Mastura ta shaƙi iska. Muntaka ya kasa waiwayowa ya dubi mutumin.