Sun Gaji Uwarsu

"Bas arba'in sun cunkushe a lungu ɗaya!" manajan kamfanin sufuri ya daka wa injiniyarsu tsawa. "Ki gyara ko ki ajiye aiki."

Ita ta rubuta manhajar kwamfutar da ke tsara tafiyar motocin: a cikinta ta ƙirƙiri uwar bas guda a matsayin samfuri daga tafiye-tafiyen tsohon direbansu, sauran suka gaji halinta. Ashe har tsayuwarsa ta ƙarfe biyu sun gada.

Ta ruga can. Fasinjoji na ta masifa, tsohon direban yana sosa ƙeya.

"Baba, wace tasha ce nan?"

"Gidana ne, 'yata. Kullum nan nake cin abincin rana."

Matarsa ta leƙo da kwano ɗaya, ta ƙirga motocin.

"Malam, ai da ka ce kana da baƙi."