Ashirin Ne, Na Ƙirga

Labari ya cika ƙauyen cewa an kawo wa lise, makarantar sakandaren Bande, kwamfuta ashirin. Da jin haka ɗan wata tsohuwar malama ya fasa tura 'yarsa karatu Damagaram.

"Inna, abin da za ta je nema can ya iske mu. Ga takardarta ma, sha takwas bisa ashirin a darasin kwamfuta."

Tsohuwa ta shekara talatin da alli a hannu, ta san yadda ake haihuwar maki. Ranar kasuwar Bande ta hau amalanke ta tafi gani da idonta.

Ta tarar da kwamfutocin jere, kowace da mayafinta da ɗalibai suka yi wa ado da zare. Jikar na zaune gaban ɗaya, yatsunta na gudu kamar mai tsince wake.

"Ke 'yar nema, me kike rubutawa?"

"Sunana, Kaka."

"To ina yake?"

"Malam ya ce yana ciki. Ranar da aka kawo kuran, wutar lantarki, zai fito."

Tsohuwa ta duƙa da ƙyar, ta kama wayar kwamfutar, ta bi ta a hankali har bayan teburi. Can ta sami kan wayar a naɗe cikin ledar da ta zo da ita.

Da la'asar ɗan ya tare ta a zaure yana murmushi.

"Yaya, Inna? Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne. Ashirin ne, na ƙirga. Ba a taɓa kunna ko ɗaya ba."