Shanyar Barkono

Baturen ma'adinai ya durƙusa gaban dutsen niƙan wata tsohuwa a gindin tsamiya, ya kafa masa gilashin ƙara girma.

"Iya," in ji tafintansa, "ya ce baƙaƙen ƙwayoyin da ke cikin farar jijiyar dutsen nan kuza ce. Wutar ƙarƙashin ƙasa ce ta dafa dutsen. Daga ina aka faso shi?"

Ta san kuza. Lokacin yaƙin Bama aka ɗebi mijinta zuwa haƙarta a Jos. Ya dawo ƙauyensu Kausani da tari, da labarin gonakin da suka zama kududdufai. Tarin ya kai shi kabari, gona ɗaya ya bar musu.

"Maigidana ya zo da shi daga Jos, Allah ya ji ƙansa."

"Dutse, tun daga Jos?"

"Ai bai dawo da komai ba sai shi."

Baturen bai gamsu ba. Ya ɗauki gudumarsa ya zagaya bayan gida, ta bi shi. Ya tsaya a bakin falalen dutse, wanda shanyar barkono ta rufe jawur. Ya sunkuya zai tona, iska ta taso. Ya juya yana atishawa, idanunsa na zubar da ruwa.

Da ƙurar motarsu ta lafa a hanyar Wudil, matar ɗanta ta leƙo.

"Iya, barkonon nan ai ya bushe tuntuni. In kwashe?"

"Bar shi, ƙaro wani ma."

A ƙarƙashin barkonon, farar jijiyar ta ratsa falalen da aka faso dutsen niƙan, ta nutse cikin gonarsu.