Uwa Ta Tsira

"Alhamdu lillahi, uwa ta tsira!" in ji Kamilu, a tsakiyar kasuwar Tambuwal, yana laluben lambar ƙanwarsa Hafiza.

Wata huɗu ke nan bai da sukuni saboda uwar nan. Ya daina cin nama. Ya daina hawa babur, ko'ina a ƙafa. Kullum Hafiza ta kira daga Kebbe, amsarsa ɗaya ce: "Ku ƙara mini mako guda."

Tun yana koyon awo ubangidansa ya ja masa kunne cewa ɗan kasuwa riba yake ci, ba ya taɓa uwar kuɗi. Buhu arba'in na gero ya saya da kaka, farashi ya faɗi, ya rantse ba zai sayar da asara ba. Yau farashin ya dawo. Ba riba, amma kuɗinsa sun fito cif.

"Hafiza, gaya ma Inna gobe nika zuwa da mota mu kai ta asibiti Sakkwato. Na saida geron, ko sisi bai yi ciwo ba. Uwa ta tsira!"

A bayanta yana jin muryoyin mata da yawa.

"Yaya, tun hantsi nika kiranka kana kashewa."

"Ciniki nikai."

"Kuɗin buhu ukku kaɗai likita yan nema, tun watan jiya." Ta ja hanci. "Yanzu maza sunka dawo daga kai Inna makwancinta. Sai ka riƙe wadda ta tsira ɗin da kyau."