Birkin Salansa

Kwalin ya fi ƙarfin dattijuwar, amma ba ta bari kowa ya taya ta ba. A ka ta ɗauko shi tun daga bakin titi, ta sauke a gaban bakanike, ta zauna kan wata tsohuwar taya tana haki.

Birkin salansa ne, sabo fil. Ta ce a ɗaura wa a-kori-kurar nan mai shan dizal, wadda ke jan matattun motoci ta kan dogon gangaren bayan gari. Direban zai kawo ta gobe. In ya yi gardama, a ce masa ita ta ce.

Bakanike ya gaya mata gaskiya. Motar otomatik ce, aikin ba na yini ɗaya ba ne. Shi birkin wata 'yar ƙofar ƙarfe ce da ke toshe hayaƙi, inji ya shaƙe ya riƙe mota. Amma in giya ba ta kulle ba, inji zai yi ta gurnani ne tayoyi suna gudun abinsu. Sai an ja waya zuwa akwatin giya, a ƙara ɗan lagireto kada mai ya tafasa.

Ta saurara kamar mai ɗaukar karatu, har ta sa ya maimaita. Tambayarta ɗaya ce: in birkin ƙafa ya yi zafi ya saki, wannan zai riƙe? Ya ce da ikon Allah zai rage gudu har a tsira. Ta ce to, hakan ma ya isa.

Da ta tafi ya daɗe riƙe da sifana bai taɓa komai ba. Shekararsa goma sha ɗaya a ɗakin bayan garejin nan: katifa ɗaya, kofi ɗaya, rediyon da sai an mare shi yake magana. Tasa mahaifiyar ta rasu yana nesa, labari bai iso shi ba sai da aka binne ta. Tun daga nan babu wanda ya sake tambayarsa ko ya ci abinci.

Washegari direba ya zo, dogo, ramamme, ido a ƙasa. Ya tarar dattijuwar ta riga shi zuwa, daga nesa ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambaye shi ko yana samun barci. Ya ce alhamdulillahi. Iyakar hirar ke nan. Ta ja tayarta ta koma bayan motar ta zauna.

Bakanike ya zagaya motar. Inji lafiya lau, ƙugiyar ja ma haka. Bambar gaba ce kawai sabuwa, fentinta bai dace da na jikin ba. Bai tambaya ba, motar aiki ai ba ta rasa tabo.

Kwana uku ana yanka bututu, ana walda, ana jan waya. Kullum bayan azahar sai ta zo da kwano biyu. Bakanike ya cinye nasa tas, har ya yi mata wasa cewa in tana neman ɗan riƙo, ga shi nan, sai dai ya yi furfura. Ta yi murmushi kaɗan. Direba kuwa ko murfin nasa bai taɓa ɗagawa ba. Sau biyu yana jan bakanike gefe ya ce a kwance birkin a mayar mata, ba zai iya karɓa ba. Bakanike ya ce shi aikin Inna yake yi, ba nasa ba.

A ransa kuwa tafasa yake. Allah na ba mai haƙori ƙashi ya ƙi ci, ga marar haƙori yana kallo.

Ranar gwaji suka ɗaura wata matacciyar bas a baya. Aka ce wa Inna ta shiga gaba, ta ce a'a. Gidanta a gindin gangaren yake, can za ta jira.

Da suka iso kan tudu, direba ya tsaya cik. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bakanike ya ce ya yi bisimilla ya sake ta. Mota ta gangara, bas na tura ta daga baya kamar mai bin haushi. Gudu ya fara hawa. Ƙafar direba ta nufi birki, bakanike ya dafa gwiwarsa, ya danna maɓallin sabon birkin.

Giya ta kulle. Inji ya yi wani irin nishi mai zurfi, motar ta dafe ƙasa, ta shiga sauka a hankali kamar tsohuwa a kan matakala.

Inna na tsaye a bakin hanya, leɓɓanta na motsi. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta bi su da ido har suka tsaya, sannan ta juya ta shiga gida ta rufe ƙofa. Ba wanda ya leƙo ya tarbe ta.

Direba ya kifa kai a kan sitiyari, bai da niyyar fita. Nan haƙurin bakanike ya ƙare.

"Kai wane irin ɗa ne? Da ni ke da uwa irin wannan, da rarrafe zan bi ta in yi godiya. Tashi ka je."

Direba bai ɗago ba.

"Ba ita ta haife ni ba, maigida. Ɗa ɗaya gare ta, kuma a daidai inda ka gan ta tsaye motar nan ta take shi bara, ni ne a kan sitiyari."