Gyaran Minti Ɗaya

A harbin gwaji na uku sabuwar bindigar ta cije a hannun Saje, kwanson harsashi ya maƙale a ciki. Baturen kamfanin makaman ya taɓe baki: "Ku dai ba ku iya goge bindiga ba."

"Yau ta fito daga akwatinku!" Saje ya daka masa tsawa.

Kanar, wanda aka turo Landan da kuɗin fetur ya sayo irinta dubu goma, ya raɗa wa Saje: "Kada ka kunyata mu. Gyara ta in sa hannu."

Saje ya dangwarar da ita bisa takardar kwangilar.

"Yallaɓai, gyaran minti ɗaya ne. Ƙanena ma ya iya shi. Yana cikin yinsa aka harbe shi a fagen yaƙi a Anacha."