Kwalabe Shida na Mai Awo

Ranar Litinin ta farko a kowane wata, Mai Awo, ma'aikacin da wani kamfani ya ɗora wa aikin ɗebo ruwan rafi a kai gwaji, yakan rufe ƙofar ofis, ya jera kwalabe shida a kan tebur, ya cika su da ruwan gora da ya sayo a kanti. Sannan ya tsinci 'yar ƙasa daga tukunyar fulawar da ke bakin taga, ya barbaɗa a kowacce. Ruwan rafi ba ya rasa ɗan datti, kuma masu ɗakin gwaji na birni ba yara ba ne.

A jikin kwalaben yakan rubuta "saman rafi", "ƙasan rafi", "rijiyar ƙauye". Rubutunsa yana da kyau ƙwarai.

Babu wanda ya sa shi. Mutumin da ya riƙe kujerar kafin shi ya taɓa ɗebo ruwan gaske, ya rubuta abin da ya gani, yanzu yana sayar da katin waya a tasha. Shi kamfanin, dutsen batir yake haƙowa, wanda aka ce shi zai ceci duniya daga hayaƙi, masu ceton duniya kuwa ba su cika son a katse su ba. Mai Awo ya gane karatun tun ranar farko. Shekara uku ke nan rabonsa da bakin rafin. Zuwansa na ƙarshe ya tarar da kifaye sun yi rigingine a kan ruwa, bai ga abin da zai ƙaru da shi in ya koma ba.

Ladansa shi ne gida mai lamba tara a layin ma'aikata: ɗaki biyu, da famfo. Famfon ne abin so. Tanka ke kawo musu ruwa daga birni, tafiyar kilomita tamanin, ta juye a tankin layi.

Matarsa na da ciki wata bakwai, bayan shekara goma sha ɗaya ana jira da addu'a da tsegumin dangi. Nas ta ce ta yawaita shan ruwa, shi kuwa ya ɗauki maganar kamar umarnin alƙali. Kullum da safe ya cika babban jug a famfo, ya tsaya a kanta.

"Malam, cikina zai fashe."

"Ƙara ɗaya dai. Ba naki ba ne, na baƙo ne."

Ta ce shayi ya fara yi mata ɗanɗanon cokali. Ya yi dariya, ya ce masu ciki ai har ƙasa suna ci su ce da daɗi. Butar shayin da ta yi farin ɓawo a ciki kuwa, ya saya mata sabuwa.

Wata rana wata tsohuwa ta tare shi a ƙofar kamfani da kwalba ƙulle a bakin zani. Ta ce awakinsu sun daina haihuwa, jikanta na uku kuma ya zo duniya bai yi kuka ba.

"Ɗana, auna mana wannan. Ni na ɗebo da hannuna."

"An gama, Iya. Ki je ki huta."

Ya shiga ofis ya juye wa fulawar. Kwana huɗu ta bushe. Abin ya ɓata masa rai sosai, don sai da ya nemo sabuwar ƙasa kafin Litinin.

Sabon Manaja yaro ne mai digiri biyu, ya yarda da takarda fiye da yadda ya yarda da idonsa. Tun bara ya kori tsohuwar tanka mai tari da baƙin hayaƙi, ya kawo mai batir, an zana koren ganye a gefenta. Ba ta ƙara, ba ta wari. A da sai azahar ruwa ke isowa, yanzu ƙarfe tara tanki ya cika, direba ya samu lokacin barci har ya yi tumbi. Mai Awo ya lura da jan taɓo a tayoyinta, ya ce a ransa gwamnati ta sake barin titi ya lalace.

Ranar da za a ba kamfanin lambar yabo ta kare muhalli, motoci duka suka tafi birni da manya da masu ɗaukar hoto. An tafi har da rahotanninsa talatin da shida, an yi musu bango mai kyau. Shi aka bar shi gadin ofis.

Ƙarfe goma saura maƙwabciya ta shigo a guje, ba takalmi. A ɗakin shan magani ya tarar da matarsa kwance, leɓɓanta sun yi fari. Nas ta daɗe tana yawo da abin saurare a kan cikin, sannan ta ja shi gefe.

"Ba na jin motsi sosai. A kai ta babban asibitin birni yanzu, ba anjima ba."

Mota ɗaya ce ta rage a harabar. Direban tanka yana naɗe tiyo a gindin tanki. Mai Awo ya cafke hannunsa.

"Ɗan'uwa, ka yi wa Allah. Birni za ka kai mu."

Direba ya dube shi, ya dubi motar, kamar wanda ake yi wa ba'a.

"Birni? Da wannan? Ai batirinta ko rabin hanya ba ya kaiwa, Malam."

"Kullum ba can kake zuwa ba?"

"Ni? Rabona da birni shekara guda. Ga rafi nan bayan wurin haƙar dutse, minti goma. Manaja ya ce takardunka sun nuna ruwan nan ya fi na birni tsabta."